Mun Kai Masa Gem Har Gidan Maɗori

Mun tashi da asuba daga Yelwa, ni da abokin tafiyata, kowa rungume da kayansa. Ni kwalin injin gem ɗina na ɗauko, da kaset guda, da abin dannawa biyu, waɗanda muke kira hannu. Shi kuma tela ne, bai san gem ba, bai kuma damu ya sani ba. Amma shi ke da ƙaramin talabijin mara kala mai aiki da batirin mota, ya naɗe shi cikin zanen matarsa yana tafiya a hankali kamar ya ɗauko jariri. Batirin kuwa wani direba ya ba mu aro, mai baro ya tura mana shi har bakin ruwa.

Ku da muke haɗuwa a rumfar gem ta bayan kasuwa kun san wanda muka tafi dubawa. Wanda bai sani ba, abokina ne tun muna firamare, yanzu malamin makaranta ne. Da shi nake buga wasan nan na sojoji biyu masu ratsa daji, ni a hannun farko, shi a na biyu. Wata uku ke nan ya faɗi a babur cinyarsa ta karye, aka kai shi wurin wani maɗori a wani ƙauyen Kambari gaba da Wara. Makon jiya mahaifiyarsa ta aiko mini da saƙo ta bakin mai jirgi, cewa ƙashi ya haɗe amma ya ƙi taka ƙafar, abinci sai an yi da gaske, yini yake fuskarsa na kallon bango. Ni ba likita ba ne. Abin da nake da shi ke nan cikin kwali.

Jirgin kasuwa muka shiga, irin dogon nan mai inji a baya. Damina ta ƙare, ruwa ya cika maƙil, har wasu itatuwan bakin gaɓa kawunansu kaɗai ake gani. An loda buhunan shinkafa, da tukwane, da awaki uku, mu kuma aka cusa mu tsakani. Tun da aka ba mu sabuwar jiha kuɗin jirgi ya ɗan hau, wani dattijo ya ce ai dole, tunda yanzu ruwan ma na Kebbi ne. Aka yi ta dariya.

Da muka fita tsakiyar tafki iska ta taso, ruwa ya fara fantsamowa ciki. Tela ya kwanta a kan talabijinsa yana salati. Wata mata daga wajen Shanga, mai kai busasshen kifi kasuwa, ta zare ledar da ta rufe kwandonta ta miƙa masa.

"Rufe abinka, ɗana. Kifi ya saba da ruwa."

Ta tambayi inda za mu, na gaya mata. Ba ta gane gem ba ko kaɗan, amma ta gane mara lafiya. Ta ɗebo warangi, ƙananan kifin nan da ake shanyawa, ta ƙulle a ganye ta ce a yi masa miya.

Mun isa Wara hantsi ya ɗaga. Muka ci tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa a wata rumfa, yaji ya sa tela hawaye. Muna wanke hannu ya dube ni ya ce, "To ni talabijina batirin mota yake ci. Naka injin mi zai ci can ƙauye?"

Sai a lokacin na farga. Adaftar injina sai da wutar lantarki, ƙauyen kuwa ko turken waya babu. Kwana huɗu ina shirin tafiyar nan, wannan bai taɓa zo mini a rai ba. Na ce mu haɗa shi da batirin motar kawai.

Allah ya taimake ni muka fara tambayar wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, wani siririn mutum da gicciye a wuyansa. Ya juya adaftar, ya karanta rubutun jikinta, ya ce in na kuskura na haɗa da batirin mota, hayaƙi zan kai wa abokina. Ya aike ni na sayo batirin tocila shida-shida har kashi uku. Ya yanko gora daidai tsawonsu, ya jera shida ciki, ya toshe bakin da murfin kwalba da guntun roba, ya fito da waya biyu. Muka kunna. Sojojin nan biyu suka bayyana a fuskar talabijin, kiɗansu ya tashi tsakiyar kasuwar Wara. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Na ciro kuɗi, ya ture hannuna. Ya ce ladansa a bar shi ya danna sau ɗaya. Ya danna, sojansa ya yi taku uku ya faɗa rami. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce mu gaishe da mai jiki.

Daga nan babura biyu suka ɗauke mu. Hanya ce ta jar ƙasa da duwatsu, dawa ta yi kai hagu da dama, mata na saukowa daga tudu da kaya a kafaɗa ba a ka ba. Duk ramin da aka faɗa, sai in ji tela a baya yana cewa, "A hankali, gilashi ne!"

Gidan maɗorin bukkoki ne biyar da ƙatuwar tsamiya a tsakar gida. Tsoho ne gajere mai ƙarfin hannu, Hausarsa kaɗan ce amma tana isarwa. Inna, mahaifiyar abokina, ta tarbe mu ta rame ita ma. Ta nuna mana bukka ta ce, "Ga shi nan. Ni bakina ya gaji."

Da ƙyar na gane shi. Gemu ya cika masa fuska, wuyansa ya zama siriri. Muka gaisa sama-sama. Da ya ga abin da nake fitarwa daga kwali sai ya ɗaure fuska.

"Wasan yara ka kawo mini? Ni da ban san ko zan sake tsayawa gaban allo ba?"

Na haɗa wayoyi, na miƙa masa hannu na biyu, ya kau da kai. Sai na ba tela.

Jama'a, ban taɓa ganin ɓarna irin ta ranar ba. Tela ya riƙe abin a juye. In na ce ya yi tsalle sai ya kwanta, in na ce ya kwanta sai ya ruga cikin harsashi. Jikinsa duka yake karkatawa, har ya kusa ture talabijinsa da kansa. Ya cinye rayukan sojansa ya shiga cin na nawa. Sau huɗu muna sakewa ba mu wuce gadar farko ba. Ina satar kallon abokina, na ga ya juyo. Can na ji tsaki.

"Kai, tsalle ake yi nan! Tsalle!"

Tela ya sake faɗawa ruwa.

"Don Allah ba ni abin nan kafin ka kashe ni da baƙin ciki."

Ya jingina da bango ya karɓa. Da farko ya mutu sau biyu a wurin da da ido rufe yake wucewa. Na yi kamar ban gani ba. Kafin la'asar hannunsa ya dawo, yana yi mini faɗa cewa ina barinsa a baya. Mutanen gidan suka cika ƙofar bukka. Inna ta kawo tuwon dawa da miyar warangin nan, ta ajiye, ya cinye bai ma lura ba. Mun kai mataki na shida batirin gorar ya mutu.

Maɗori yana tsugune bakin ƙofa duk tsawon lokacin. Ya miƙe ya nuna talabijin da sandarsa.

"Gobe wanga abu ba ya shiga ɗaki. Gindin tsamiya za a sa shi. Mai so, ya zo."

Washegari da safe haka aka yi. Muka zuba sabon batir a gora, muka kunna a gindin tsamiya, muka ƙara murya. Aka daɗe bai fito ba. Har na fara cewa a mayar masa ciki, tsohon ya harare ni. Sai ga abokina a bakin ƙofa, sanda a hannu ɗaya, ɗayan a kafaɗar maɗori, gumi na zuba. Ya ɗora ƙafar a ƙasa ya runtse ido. Bayan taku kaɗan tsohon ya zame kafaɗarsa ya bar shi da sanda. Na ƙirga, taku goma sha huɗu ya yi kafin ya zube a tabarma yana haki. Inna ta juya baya ta rufe fuska da gyale.

Da ya sami numfashi abin da ya fara cewa shi ne, "Ni ne hannun farko yau."

Na ba shi.

Da za mu taho na bar masa injin da batirin motar, na ce ni zan ji da direban. Tela ya tsaya ya daɗe yana kallon talabijinsa, sannan ya ninke zanen matarsa ya sa a hammata, ya ce wa Inna a riƙa goge gilashin da tsumma mai laushi. Maɗori ya ba mu ƙwaryar gyaɗa, ya ce in Allah ya so kafin a gama girbi malam zai koma aji.

Mun dawo ta mota, a bayan a-kori-kura cike da buhunan masara, ta wajen Birnin Yauri. Kafin in je gida na biya gidan abokina. Matarsa ta leƙo daga zaure da ɗiyarsu a goye, ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Ya taka?"

Na ce, "Ya taka."

Ta zauna nan bakin dakali ta yi ta hamdala.

Na sha jin ana cewa gem ɓata lokaci ne, ni ma wani lokaci ina jin kunyar a ga ƙato kamata yana dannawa. Yanzu na daina. Tafiyar nan ta nuna mini cewa abin da kake so da gaske yana iya amfanar wani, amma ba kai kaɗai za ka kai shi ba. Da babu mai kifi, da mai rediyo, da tsohon nan, da tela, da kwali kawai na kai Wara na dawo da shi. Ban san sunan yawancinsu ba. Allah ya san su, ya saka musu da alheri.