Motar da Ustad Sharafat Ya Ƙera wa Parwin

A layin masu walda na birnin Sargodha, idan ka tambayi garejin Ustad Sharafat, ba mai nuna maka da hannu. Sai dai a ce ka bi ƙarar guduma har inda ka ji ana yi wa ƙarfe faɗa. Shekara arba'in da biyar yana haɗa bodin motoci, kuma a duk tsawon lokacin nan bai taɓa yarda cewa wani aiki ya yi kyau ba sai in shi ya yi. Mutum ne mai taurin kai da tsabtar hannu, abin da ya sa ake kawo masa aiki daga nesa, a kuma tafi ana zaginsa a hanya.

Mutum ɗaya ce ke iya masa, matarsa Parwin. 'Yar ƙauyen Kotli Mira ce, can cikin duwatsun Kwarin Sun, tafiyar awa uku. Shekara tara ke nan rabon ta da garinsu, tun da ciwon ƙashin baya ya kwantar da ita. Ba ta iya zama ya wuce a sha kofin shayi. A can kuwa akwai yayarta Sakina, tsohuwar da ido ya mutu mata, ita ma ba ta fita ko'ina. Su biyu suka rage a ɗakinsu, kuma Parwin ba ta da wani buri da ya wuce ta riƙe hannun yayarta kafin ɗayansu ta tafi.

'Yarsu Nighat ta ce a ɗauko motar asibiti mana. Parwin ta juya fuska bango.

"In shiga garin ubana da jiniya kamar gawa? Allah ya kiyaye. Baban Nighat, kai da ka cika gari da motocin mutane, ni ce ba za ka iya wa ba?"

Sharafat ya ci gaba da gutsurar gurasarsa ta roti. Bayan sati biyu sai ga shi an jawo masa gawar wata tsohuwar jif da ya saya a gwanjo, ba inji, ba taya, sai shasi da tsatsa da takarda guda mai hatimi.

Wata goma sha ɗaya ya yi a kanta. Ya ƙara wa shasin tsawo, ya sauke bodin ƙasa, ya yi ƙofar gefe mai faɗin da gadon igiya zai shige. A ciki ya yi makwanci mai ɗan tudu wajen kai, daidai taga, don mai kwance ta ga hanya kamar kowane fasinja. Sifirin kuwa sau huɗu yana canzawa. Yakan ɗora kwanon madara a kan makwancin ya zaga layi, idan ta zuba ko ɗigo ya dawo ya kwance komai. Latif mai shayi, abokinsa tun suna samari, yana zaune yana kallo, yana tsokanarsa da "Ustad ji", kiran girmamawa da ake yi wa gwanin sana'a a can.

"Ustad ji, wannan mota ce ko ɗakin amarya? Tsufa ya zo, sai yanzu soyayya ta tashi?"

"Kai dai ji da shayinka da ya fi ruwan wanki tsarari," in ji Sharafat.

To, a gidansu Sharafat akwai wata al'ada da suka gada tun kakansa maƙeri. Ba ƙarfen da zai fita daga hannunsu da sunan wanda ya yi shi. Sunan wanda ya koya maka ake bugawa, kuma a gaba ta hannun dama, don nan ne wurin girma. Da Sharafat ya zo buga sunan mahaifinsa, sai ya tarar da wasu lambobi karkatattu da tsatsa ta cinye rabinsu sun tare wurin. Abin ya ɓata masa rai. Ai lambar tana cikin takardar gwanjo, ga hatimi, me kuma ake nema a jikin ƙarfe? Ya ɗauko injin gurza ya share su har wurin ya yi sul, ya buga MEHR DIN harafi bayan harafi, a miƙe kamar an ja da zare. Ranar ya koma gida da fara'a, har ya saya wa Parwin lemo a hanya.

Da aka gama fenti, kore mai duhu, aka ɗauko Parwin aka kwantar a ciki, ya zaga da ita unguwa har bakin magudanar ruwan gona. Ta yi ta kallon itatuwa suna wucewa ta taga, tana dariya tana hawaye.

"Ko kaɗan ban ji girgiza ba. Gobe mu tafi."

"Sai an yi wa motar lamba tukuna," ya ce. "Shinge uku ne tsakaninmu da Kotli Mira. In suka kama mota ba takarda, a nan za su tsare ta, ke kuma a sauke ki a gefen titi. Kwana nawa ne? Sati guda."

Ya sa fararen kayansa na Juma'a ya tafi ofishin rajistar motoci. Kwana uku yana bin layi daga taga zuwa taga kafin a turo mai duba mota, wani mai gilashi da ba shi da hayaniya. Mutumin ya zaga motar, ya shafa walda, ya gyaɗa kai. Sannan ya durƙusa ta gaban dama da tocila, ya daɗe bai ɗago ba.

"Baba ji, ina lambar shasi?"

"Ga ta nan a takarda."

"Ta jikin ƙarfe nake nufi. Wane ne Mehr Din?"

"Mahaifina ne. Shi ya koya mini."

Mai dubawa ya cire gilashinsa ya goge. Ya ce wallahi bai taɓa ganin walda mai kyan wannan ba, amma takarda ba ta magana sai da 'yar'uwarta da ke jikin ƙarfe. Shasin da aka goge wa lamba, a idon doka, da shi da na sata duk ɗaya ne. Abin da zai iya yi kawai shi ne ya rubuta wa babban ofishi a nemi sabuwar lamba, su turo masu bincike, su zauna a kai. Sharafat ya tambayi wata nawa. Mutumin ya ce shi dai bai taɓa ganin wadda ta fito ƙasa da wata takwas ba.

A bakin ƙofa wani dillali ya biyo shi yana raɗa. "Ustad ji, abin da sauƙi. Kai fa gwani ne. Goge sunan nan, mayar da lambar yadda take, ka zuba ruwan gishiri ta yi tsatsa. Wa zai sani?"

Sharafat ya ture shi ya wuce. Amma maganar ta bi shi har gida. Washegari da hantsi ya shiga gareji, ya kunna injin gurza, ya tsaya a kan sunan ubansa. Sai ya kashe, ya je ya zauna a bakin gadon Parwin ya faɗa mata komai. Wannan ne karo na farko a zamansu da ta ji ya ce shi ne ya yi kuskure.

Parwin ta ce, "Tsohon nan, mahaifinka, shi ya tako har Kotli Mira a ƙafa ya nemo maka ni. Kar ka taɓa sunansa. In kuma suka gane, su ɗaure ka, wa zai riƙa juya ni a gado? Mu jira takardar."

Suka jira. Kowace Litinin Sharafat na ofis da fayil a hammata, har masu gadi suka san shi suna ba shi kujera. Masu bincike sun zo sau ɗaya, suka ɗauki hoto suka tafi. Nighat ta sake kawo maganar motar asibiti, Parwin ta ce ita fa tana da motarta. Kullum da safe yakan tayar da injin ya bar shi yana aiki minti goma, ita kuma tana ji daga ɗaki. Latif ya daina tsokanarsa, sai dai ya aje masa shayi ya koma. Baƙin ciki ya cinye Sharafat har wandonsa ya daina zama a ƙugu, don ya san da hannunsa ya rufe hanyar, kuma yana alfahari lokacin da yake rufewa.

A wata na shida, lokacin da lemo ya nuna a gonaki, Parwin ta daina cin abinci. Ranar Laraba ta kira shi ta ce, "Baban Nighat, a kai ni kusa da kabarin Inna. Kuma a motata." Ranar Alhamis bayan asuba ta cika.

Mata suka yi mata wanka suka suturta ta. Aka shigar da ita ta ƙofar nan mai faɗi, aka kwantar a makwancinta, kanta daidai taga. Nighat ta zauna a gefe, Latif ya shiga gaba. Sharafat ya ɗora fayil ɗinsa a cinya ya tayar da mota, ba lamba gaba ba lamba baya. Ya riga ya yanke cewa in sun tsare motar, zai ɗauke ta a kafaɗa.

A shingen farko, bayan gadar kogi, ɗan sanda ya ɗaga hannu. Ya dubi inda lamba ya kamata ta kasance, ya taho yana ɓata rai. Sharafat ya miƙa masa fayil ta taga. Ɗan sandan ya leƙa ciki, ya ga koren mayafi a kan likkafani. Bai karɓi fayil ɗin ba. Ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Allah ya jiƙanta, Baba ji. Ku wuce," ya ɗage sandar shingen da kansa.

Na biyu ma haka. Na uku, a gindin dutse, ko tsayar da su ba a yi ba.

Da suka fara hawan Kwarin Sun, motar tana tafiya lumui ba girgiza, sai Sharafat ya ce da Latif, "Ka gani? Ba wanda ya tambaya."

A ƙofar gidansu Parwin a Kotli Mira, Sakina na zaune a kan gadon igiya tun safe. Da ta ji tsayuwar inji sai ta miƙo hannu tana lalube, aka kamo shi aka ɗora a kan na ƙanwarta.