Layin da Inna ta tsaya

Shekaranjiya a kasuwar Gummi na bi ta rumfar masu bandar kifi, ƙamshin ya doke ni, sai na tsinci kaina tsaye ina kallon tarwaɗa a kwando kamar mai niyyar saye. Kawuna na tuna, ƙanen Inna, wanda ba ya shigowa gidanmu hannu rabbana. Kullum da ƙunshin kifi a takardar siminti, ɗaure a bayan kekensa.

Ƙauyenmu yana ƙasar Bukkuyum, can wajen Adabka, kuma a lokacin duk muna cikin jihar Sakkwato. Gidanmu babba ne, sassa huɗu, Baffa yayan mahaifina shi ne mai gida. Idan ya yi magana an gama. Baba kuwa mutum ne mai shiru, daga gona sai masallaci. Ita Inna daga ƙauyen da ke tsallaken rafi aka auro ta. Mahaifiyarsu ta rasu Kawu yana rarrafe, don haka ita ta goya shi, ita ta riƙa dama masa kunu, har ya girma ya zama malamin firamare a ƙauyenmu. Ko da ya tara gemu, idan ya zo sai ya durƙusa a bakin ɗakinta ya ce, "Yaya, an kwana lahiya?"

Ina 'yar shekara tara ko goma aka ce za a yi zaɓen kansiloli. An gama kaka, dammunan gero sun shiga rumbu, ko'ina sai ƙamshin kara da ƙarar sussuka. Yaran yanzu ba su san irin zaɓen wancan zamani ba. Ƙato bayan ƙato ake ce masa. Ba takarda, ba dangwale. Za a kafa hoton kowane ɗan takara, ka je ka tsaya a bayan wanda kake so, ido na ganin ido, a ƙidaya ku kamar awaki.

Mazaɓarmu ta haɗa ƙananan ƙauyuka da wani gari mai kasuwa. Kawu ya fito takara, kuma maganarsa ɗaya ce: kwalbati a kan rafi. Da damina idan ruwa ya kawo, ɗalibansa na tsallake sai su yi wata ba su zo aji ba, mace mai naƙuda kuma sai dai a yi ta addu'a. Abokin karawarsa wani dillalin hatsi ne na garin kasuwar, aminin Baffa tun suna samari. Shi ke ɗaukar hatsin gidanmu, shi ke samo mana taki. Baffa ya riga ya ce masa a gaban mutane, "Gidana duka naka na."

Ana saura kwana uku Kawu ya zo. Ina zaune ina tsinar wake na ji ya ce, "Yaya, ba roƙonki na zo yi ba. Na san gidan da kike."

Inna ta ce, "Allah shi zaɓa muna abin da ya hi alheri." Ta dama masa fura da nono mai yawa, ya sha, ya tafi.

Ranar zaɓe da safe Inna ta ɗaure kanta da kallabi tamau, ta kwanta, ta ce wa Baba ciwon kai ya hana ta tashi. Baba ya dube ta, ya fita. Yanzu na gane ya fahimci ciwon, ya kuma yarda da shi. Sai dai Inna ba ta iya zaman banza. Da ta ji gidan ya yi tsit, ta ɗauka kowa ya wuce, ta zagaya bayan ɗaki ta hau dakan geron tuwon dare.

Ashe Baffa yana zaure yana jiran matan gida su gama fitowa. Na zo wucewa da ƙanena a baya, ya kira ni.

"Ke, ina innarku? An ce mani ba ta da lahiya."

Baffa bai saba yi wa yara mata magana ba. Daɗi ya kama ni cewa yau ni ya tambaya. Na ce, "Ai ta warke, Baffa. Ga ta can tana daka."

Ya kasa kunne, ga kuwa amon taɓarya. Ya aiki matarsa ta shiga. Ba a jima ba Inna ta fito da mayafinta, da sauran dusa a hannunta. Ta wuce ta gabana ba ta dube ni ba. Na bi ta a baya, har lokacin ban san na yi wani abu ba.

A filin firamaren da Kawu ke koyarwa aka yi zaɓen. An manna hotuna biyu a jikin itatuwan darbejiya, maza da layinsu, mata da nasu. Matan ƙauyensu Inna sun tsallako tun da sassafe, suna bayan hoton Kawu. Da suka hango ta suka fara ɗaga mata hannu: "Taho nan, ɗiyar gida!" Inna ta tsaya tsakanin layukan biyu. Ban san tsawon tsayuwar ba, amma na tuna har ƙanena ya fara zillo a bayana. Baffa yana kallonta daga layin maza. Baba ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta tafi bayan hoton dillalin hatsi.

Kawu yana tsaye kusa da nasa hoton, ya ga komai. Ya cire hularsa, ya shafa kai, ya mayar. Malamin zaɓe ya biyo layin yana nuna mata da biro yana ƙidaya da ƙarfi, ya nuna Inna, ya wuce.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, tsayuwarta ba ta canza komai ba. A filinmu Kawu ne ya yi rinjaye. Da aka haɗa da mutanen garin kasuwa, yawansu ya shanye ƙauyukanmu gaba ɗaya. Ko duk gidanmu ya tsaya a bayansa ba zai ci ba.

Kawu bai yi faɗa da kowa ba. Amma mutane ba su bar maganar ta kwanta ba. A wajen suna, a bakin rijiya, sai ka ji ana cewa wanda yayarsa ma ta guje shi, wa zai bi shi. Da sallah Kawu ya zo ya tsaya a zaure, ya aiko a gaida Inna, bai shigo ba. Bayan shekara ya nemi canjin wurin aiki, aka mayar da shi wajen Anka. Dillalin da ya zama kansila kuwa sau ɗaya muka gan shi, da rani, a cikin mota. Baffa ya je gidansa sau uku kan maganar rafin, duk ana ce masa ya yi tafiya. Daga nan Baffa ya daina ambaton sunansa.

Wata damina Kawu ya yi 'yar gajeruwar jinya ya rasu. Ɗan saƙon ya iso tsallake ya tarar rafi ya cika, sai da ya kwana biyu kafin ya ƙetaro. Inna ta je ta tarar har an yi sadakar uku.

Ba ta taɓa yi mini faɗa a kan wannan rana ba. Sai bayan na yi aure na haihu na samu ƙarfin halin neman gafararta. Ta ce, "Ke gaskiya kika hwaɗi. Ni ce na yi ƙarya, kuma ƙahwata ta kai ni inda na tsaya."

Yanzu muna Gummi, tun da zaman ƙauye ya gagara, akwatin zaɓenmu ma ya biyo mu cikin gari. A zaɓen da ya wuce na riƙe hannun Inna na kai ta. Na'ura ta kasa karanta yatsanta, sai fuskarta ta ɗauka. Aka ba ta takarda doguwa, aka nuna mata 'yar rumfar dangwale, ta shiga ita kaɗai, ba mai ganin hannunta. Ta daɗe a ciki har na baya suka fara ƙorafi. Mutanen da za ta zaɓa ba ta taɓa ganin ko ɗayansu ba, su ma ba su san akwai ta ba.

Da muka fito ta tsaya ta juya tana kallon rumfar.

"Ashe kwali na kawai," in ji ta. "Shi aka rasa ranar nan."

Na ce, "Inna, wa kika zaɓa?"

Ta goge tawadar a gefen zanenta. "Yanzu da aka ɓoye ni, ɗiyata, ba ni da kowa cikin takardar."