Randar da Malam ya yi ta roƙo

Duk wanda ya san maigidana Malam a Tudun Wada ya san ba ya tafiya da kai a sama. Idonsa na ƙasa, yana neman tsingaro. In ya ga fasasshiyar tukunya a bakin kwata sai ya tsuguna ya ɗauka, ya hure ta, ya jefa aljihu. Ni na san wuyar da na sha wajen ɗinkin aljihunan nan! Ban yi karatu ba, 'yarmu Binta ke rubuta mini wannan, amma aikin haƙo kayan tarihi da ya yi a jami'a, a tsakar gidana ya ƙare.

Abin ya tsananta bayan an tura shi ƙasar Urdun, can yankin Larabawa. Mazan mutane na dawowa da turare, shi ya dawo da kwalbar yashi da hotunan yagaggun fatu.

"Malam, ina tsarabata?"

"Ga ta nan! Rubutun Yahudawan zamanin da ne. A tulu aka same shi, cikin kogon hamada. Makiyayi ne ya jefa dutse, ya ji tulu ya fashe."

"To, miya zan kaɗa da shi?"

Bai daddara ba. Ya tafi dutsen Kufena, ya lallashi wani dattijon makiyayi ya jefa dutse a kogo. Ƙudan zuma suka fito! Ɗan acaɓa ya sauke mini shi fuska kamar alkubus.

"Me aka samo, Malam?"

"An samo sakamako, Hajiya. Kogon da masu shi."

Da za a haƙa mana sabuwar salga kuwa, korar masu diga ya yi, ya shiga ramin da cokalina da buroshi. Da la'asar ya fito yana rawar jiki, riƙe da tsingaro.

"Wannan ya girmi ganuwar Zazzau!"

"Kaskon wainata ne, wanda ya fashe ranar sunan Binta."

Ya dube shi, ya dube ni. "To, Binta ba tarihi ba ce?"

Abu ɗaya na hana shi: randar da innata ta ba ni. Ya ce takarda ba ta da maɓoya irin tukunyar ƙasa busasshiya, a ba shi ya zuba hotunansa da rubuce-rubucensa. Na ce randa ta ruwa ce. Duk damina sai ya roƙa, duk damina sai na ƙi.

"Hajiya, Yahudawa ma sun ba da tulunansu."

"Matansu ba sa gida ne."

Bayan na fita takaba na ɗaga kwalin takardunsa, sai ga gara ta fara ci ta ƙasa. Na zauna na yi kuka har na gode Allah. Sannan na juye ruwan randar, na shanya ta a rana ta bushe ƙayau, na jera takardun ciki, na liƙe bakin da yumɓu yadda ya sha kwatanta mini. Ko baƙi ɗaya ban iya karantawa a ciki ba. Yanzu ruwan bokitin roba nake sha, mai ɗumi.

Ka ci, Malam. Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwancinka fiye da ruwan randar nan, ya haɗa mu a Aljanna. Amin.