Jakar Goyon da Ta Kai Mu Maruta

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da mahaifina, zuwa tashar Unguwa Uku. Tafiyar ba ta yawon buɗe ido ba ce. An bugo waya daga wani ƙauye a yankin Maruta, cikin ƙaramar hukumar Gwaram, an ce jikin Gwaggo ya yi tsanani. Ita ce yayar Baba, su biyu suka rage a ɗakinsu, kuma rabon da su ga juna tun kafin ciwon gwiwa ya hana shi doguwar tafiya. Na ce masa ya zauna in je in duba ta a madadinsa. Sai kawai na ga ya sa an wanke masa babbar riga. Nan na gane da shi za a tafi.

Kayanmu duk a akwatina mai taya na zuba su, wanda nake zuwa taron wurin aiki da shi. Akwai kayan sawarmu, da magungunan Baba, da madara da sabulu da turmin atamfa na Gwaggo. A tasha ɗan kamasho ya cusa shi a but ɗin mota, aka ɗora buhun taki a kansa. Na biya wa Baba kujerar gaba shi kaɗai don ya miƙe ƙafa. Kuɗin mota ya ƙaru sosai a kan yadda na san shi, direba ya ce mai ne, fasinjoji suka ce haɗama ce, aka yi ta wannan musu har muka wuce Mariri.

Damina ta yi kyau a hanyar nan. Daga Wudil zuwa Kwanar Huguma ko'ina kore shar, gero ya fara fitar da kai, ruwa kwance a kwalbatoci. Masu talla suka rufe mu da dafaffiyar gyaɗa da gasasshiyar masara. Baba ya sayi gyaɗa ya riƙe a hannu, bai ci ba. Da muka doshi Birnin Kudu duwatsu suka fara bayyana, manya-manya, wasu a ɗore kan wasu kamar da hannu aka jera su.

Da hantsi muka sauka a Birnin Kudu, a gidan wani tsohon abokin Baba, malami ne mai makarantar Islamiyya a zaurensa. Aka kawo mana koko da ƙosai. Muna cikin karyawa na kira ɗan Gwaggo in sanar da shi mun iso. Ya ce ruwan da aka kwana ana yi ya cinye hanyar garinsu. Mota ba ta shiga, mashin ma iyakarsa gindin wata kuka, daga nan sai a ƙafa, ta cikin gonaki, sannan a ƙetare rafi. Ya ce zai turo wanda zai tarye mu. Malam ya ba da shawarar mu kwana biyu hanya ta sha iska. Baba ya ce, “Malam, ita ba ta ce za ta jira hanya ta bushe ba.”

Na dubi akwatin, na dubi sandar Baba. Ba yadda za a yi in ja taya a cikin caɓi, kuma in na ɗora shi a ka, ba ni da hannun da zan riƙe tsoho. Sai na bar su suna hira na hau acaɓa zuwa kasuwa neman jakar goyo.

A layin 'yan gwanjo na sami mai jakunkuna, ya rataye su a igiya kamar kilishi. Yana jin na ce tafiyar ƙasa zan yi ya sauko mini da wata zungureriya, irin ta masu hawan dutse, da ƙarfe a bayanta da igiyoyi ko ta ina. Na goya ta, sai ga ta ta wuce ƙeyata. Ya ce, “Yallaɓai, wannan ko buhun masara ka zuba za ta ɗauka.” Na ce ai ba fataucin masara na zo ba. Matsalarta biyu. Ta sama kaɗai ake buɗe ta, in kana son abin da ke ƙasa sai ka zazzage komai. Sannan a motocinmu ba inda za ta zauna sai but ko saman mota, ni kuwa ba na son maganin Baba ya yi nisa da hannuna.

Ya nuna mini 'yan ƙanana, irin na ɗalibai da masu kwamfuta. Suna da kyan gani, amma maratayansu sirara ne, ba soso, kuma duk nauyin a kafaɗa zai tsaya. Wanda ya taɓa rataya irinsu ya yi nisa ya san yadda suke yankan wuya.

Ta ukun a can ƙasan tari na zaro ta, ruwan toka, ta ɗan koɗe. Matsakaiciya ce, daga kafaɗata zuwa ƙugu. Tana da ɗamara mai kauri da ake ɗaurewa a ƙugu, da ƙaramin maɗauri a ƙirji, kuma zif ɗinta ya zagaye ta, tana buɗewa baje kamar akwati. A gefe akwai aljihun gorar ruwa, a ƙasa akwai wani ɗan aljihu da aka cusa rigar ruwanta a ciki. Ban yarda da ita haka kawai ba. Na roƙi maƙwabcinsa mai sayar da takalma ya ara mini kaya, muka cika ta dam, na goya, na ɗaure ɗamarar, na yi ta kai-komo a layin ina tsugunawa ina miƙewa. 'Yan kasuwa suka bar ciniki suna kallona. Nauyin ya sauka a ƙuguna, kafaɗa ta huta. Na ja kowane zif, na duba ɗinkin da ya riƙe maratayan, na ɗaga gindinta ga rana in ga ko akwai huji. Zif ɗaya yana ɗan cijewa, da shi na samu ragi a ciniki.

A gidan Malam na rage kaya. Akwati da rabin tufafinmu suka zauna a can. Masu nauyi, wato gwangwanin madara da sabulu, na jera su ta jikin bayana, tufafi suka kewaye su, magunguna na ƙulle a leda na sa a aljihun sama. Baba ya ƙare mini kallo ya ce na yi kama da ɗan firamare da ya daɗe bai ci jarrabawa ba.

Motar Gwaram ƙarama ce, an cusa mu kamar an danna kaya. Jakar a cinyata ta zauna har muka sauka, ba wanda ya ce in biya mata kujera. A Gwaram muka yi azahar, muka sha fura da nono a bakin tasha, nonon mai kauri, mai furar kuma ba ta yi mana rowa ba. Daga nan muka ɗauki mashin biyu. A kan mashin ma ban ji ta ba, don ba ta rinjaya ni baya. 'Yan acaɓar suka yi ta kauce wa ramuka har gindin kukar da aka faɗa, suka nuna mana 'yar siririyar hanya tsakanin dawa da riɗi, suka juya.

Tafiyar a hankali muka yi ta. Baba na dogara sanda da dama, ni ina riƙe da hannunsa na hagu. Ƙasar jar laka ce mai kama takalmi. Duk wanda muka tarar a gona sai ya ɗago ya yi mana sannu, wasu su tambayi gidan da za mu. Baba yana faɗin sunan mahaifinsa sai ka ga dattijo ya ajiye fartanya ya zo su gaisa da hannu biyu.

Da muka isa rafin, ruwa ne ja yana gudu, ya shafe mashigar gaba ɗaya. Ba kowa a ɗaya gefen, waya kuma ba sabis. Wani manomi ya ce idan muka bi ta kan dutsen da ke hannun hagu muka gangara, akwai inda rafin ya bi ta kan fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, bai wuce gwiwa ba. Na ce wa Baba ko mu koma Gwaram mu kwana. Ya ce ya san dutsen, a kansa suke shanya gyaɗa suna yara. Ya yi gaba, na bi shi.

Hawan ba mai tsayi ba ne sosai, amma ga mai ciwon gwiwa aiki ne. Muna tsakiya aka fara yayyafi. Na zaro rigar ruwan na lulluɓe jakar ba tare da na buɗe komai ba. Dutse ya yi santsi. A wajen gangara sandar Baba ta zame, ya tafi gaba ɗaya, na cafke shi da hannu biyu, muka zauna daɓas tare. Da akwai wani abu a hannuna a lokacin, ban san yadda labarin nan zai kasance ba. Muka ɗan zauna yana mayar da numfashi, na ciro man zafi daga aljihun sama na shafa masa.

A bakin ruwa ya gwada taka ƙafar, ta ƙi. Na kwance ɗamarar, na juyo da jakar ta dawo ƙirjina, na tsuguna a gabansa.

Ya ce, “Me ke nan?”

Na ce, “Baba, hawa za ka yi.”

“Ni za ka goya, da gemuna?”

“Ba kowa a nan sai ni da kai.”

Ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya miƙo mini sandar ya hau. Bai kai nauyin da na zata ba, abin ya dame ni fiye da ruwan. Na shiga ina jan ƙafa a kan fa, ruwa na dukan gwiwata, shi kuma yana ta salati a kunnena. Da zungureriyar nan na saya, ba ta yadda za ta zauna a gabana in ga inda nake takawa. Muna hayewa ya ce in sauke shi tun kafin wani ya gani. Sai da na nemi izininsa kafin in rubuta wannan. Ya ce in rubuta, amma in faɗa cewa dutsen da ƙafarsa ya hau.

Bayan la'asar muka shiga gidan Gwaggo a jiƙe, da laka har cinya. Ashe wanda aka tura ya tarye mu yana can wata mashiga daban da jaki yana jira. Gwaggo na kwance a kan tabarma, ta rame ƙwarai, idonta ba ya gani sosai. Baba ya yi sallama, ta ɗago kai ta ce, “Tanko, kai ne?” Ban taɓa jin wanda ya kira mahaifina da wannan suna ba. Ya zauna kusa da ita ya ce, “Ni ne, Yaya.” Ta shafa rigarsa ta ji ta a jiƙe, sai ta hau shi da faɗa, wai tun yana yaro ba ya jin magana a kan shiga ruwa. Suka yafi juna, suka yi kuka kaɗan, suka koma musu a kan wace shekara aka yi farar da ta cinye gonar babansu. Na fita na bar su.

Kwana biyu muka yi. Mun ci tuwon dawa da miyar kuka, da kwaɗon zogale wanda ya sha ƙuli. Ranar da za mu taho Gwaggo ta iya tashi zaune ta sha kunu. Ta sa aka cika mini jakar da daddawa da garin kuka da gyaɗa. Ruwa ya janye, a kan jaki Baba ya ƙetare, mashin ya ɗauke mu daga bakin rafi. Muka biya Birnin Kudu muka ɗauki akwati, muka yi wa Malam godiya, kafin magariba muna Kano.

Ga masu tambayata irin jakar da za su saya, abin da na gani ke nan. Kada girma ya ruɗe ku, ku nemi wadda za ta zauna a cinya a cikin mota, ta kuma zauna a baya a cikin daji. Ku gwada ta da kaya a ciki kafin ku biya, ku tabbata ƙugu ne ke ɗaukar nauyin. Tawa ba ta rasa aibu ba. Tana sa gumi a baya, gindinta ya jiƙe a rafi, kuma duk wankin da aka yi mata har yau ƙamshin daddawa take yi.

Washegarin dawowarmu da safe na shiga gaishe da Baba, na tarar gwiwar ta kumbura, a zaune ya yi sallah. Na ce ko mu je asibiti. Ya ce za mu je, amma in fara kira masa ƙauye tukuna. Aka kai wa Gwaggo wayar, na ji ta tana tambaya ko ya shanya rigar. Ya ce ya shanya.