Taken Baba Ƙasimu a Bakin Jita

Duk wanda babur ya taɓa mace masa a bakin gadar Wudil ya san Garzali bakanike, mai baƙin mai har cikin farce. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne dalilin da ya sa ƙato kamarsa ya rungumi jita.

Mahaifinsa, Baba Ƙasimu na Lajawa, manomi ne da ke da takensa a wurin gayya. A zamaninsa da makaɗi ya buga masa shi, ba mai shan gabansa da garma. To, makaɗin ya rasu, idon Baba ya tafi, taken bai rage ko'ina ba sai a maƙogwaron tsohon. Garzali yana tsoron ranar da za a binne su tare.

Ya samo wata tsohuwar jita, ya haddace kiɗe-kiɗe daga waya, ya nufi gida yana hura hanci. Baba ya rera taken, yatsun gogan naka suka shiga kame-kame.

"Kai dai koma wa baburanka," in ji Baba. Maganar ta yi wa Garzali ciwo.

Malam Nu'uman, wani ma'aikacin jami'a da ke kawo masa gyara, gwanin jita ne. Da ya ji labarin sai ya yi dariya.

"Aku ka zama, Garzali. Bar haddar nan. Ga sautuka biyar, ka yi ta hawansu kana saukowa har yatsunka su san gidan kowanne."

Haka ya yi ta fama damina guda, har 'yan gareji suka laƙaba masa Hau-Sauka. Daga baya Malam Nu'uman kan yi fito yadda ya ga dama, shi kuma ya amsa da tsirkiyar jita.

Bayan girbi Garzali ya koma Lajawa. Baba ya rera, jita ta bi shi duk inda ya karkata, inda numfashinsa ya gaza kuma ta ƙarasa masa. Tsohon ya lalubi bango ya miƙe, ya kira matarsa.

"Uwa, miƙo min garmata."

Bai iya ɗaga ta ba. Ya dai riƙe ƙotar gam, ya ce a sake bugawa.

Baba bai ga wata daminar ba. Da Malam Nu'uman ya zo ta'aziyya, Garzali ya kama hannunsa da hannu biyu, idonsa cike da ƙwalla.

"Malam, Allah ya saka maka da alheri. Baba muka binne, amma takensa yana nan."