Shekarar da Malam Ya Rushe Bangon Falo

Matso kusa ki ji, 'yar'uwa, kai ma jawo kujera, in ba ku labarin shekarar da maigidana ya waye.

Muna unguwar Plumstead a London lokacin, wajen ƙarshen shekarun tamanin, a ɗan gidan bene da muka saya. Wata rana wani Bature abokin aikinsa ya gayyace shi cin abinci, ya dawo yana zumuɗi. Wai gidan mutumin ba bango tsakanin falo da kicin, daga bakin ƙofa kana hango tukunya.

"Haka masu ilimi ke zama yanzu," in ji shi.

Na ce, "To Malam, ko dai bulo ne ya ƙare musu?"

Bai yi dariya ba. Ya kawo magina suka rushe bangon, suka cire har ƙofar da ke bakin matakala. Lokacin zafi ne, ni ma na yaba, don ina tuƙa tuwo ina kallon talabijin.

Sai sanyi ya zo duba aikin.

A tsakiyarsa na haihu, namiji, mahaifiyata Inna ta taso daga Kano don ta yi mini wankan jego. Tana shigowa ta ajiye jaka, ta dubi gabas, ta dubi yamma, ta ce, "Ashe ba a gama ginin ba."

Inna ba ta hawa bene saboda gwiwa, don haka ni da ita da jariri muka tare a falo. Muka kunna hitar bango, muka ƙara da ta gas mai taya. Duk ɗumin da suka yi sai ya bi matakala ya haye sama, ya je ya zauna inda ba kowa sai kwandon wanki. Kwandon nan ya ji daɗin London! Mu kuwa muna ƙasa, safa kan safa. Baturiyar da ke zuwa duba jarirai ma ba ta taɓa cire kwat ɗinta a gidanmu ba.

Ga kuma abin da abokin Malam bai gaya masa ba: shi ba shi da suruka Bahaushiya. Malam ba ya iya kai loma a gaban Inna, gida kuma ba lungun ɓuya. Ko ɗaukar kwano ya wuce ta gabanta ya hau sama, kunya ba ta barinsa. Mutumin da ba ya kwana sai da tuwo ya koma cin soyayyen dankali a takarda, cikin mota. Har wando ya fara yi masa yawa.

Magana ma ba sa yi kai tsaye, sai ta kan jariri. Inna ta ɗaga shi ta ce, "Angona, tambayi babanka, a filin Idin nan za ka girma?"

Malam ya sunkuyar da kai ya ce da ni, "Ki gaya wa Inna iska tana da amfani ga lafiya."

Iskar kuwa ta yi amfani. Yaro ya kamu da mura, hanci ya toshe, nono ma sai ya kama ya saki yana kuka. Nan Inna ta daina wasa. Ta ce, "Angona, haɗa kayanka, da kai da uwarka zan koma. In an gina gidan a aiko." Ta kira ƙanenta da ke Tottenham, ya yi mana booking ɗin jirgi.

Na yi kuka, wallahi. Ni da zuwa kasuwar Woolwich ma sai an yi da gaske, a ce in bar ɗakina da tukwanena, in bar mijina yana ramewa a mota?

Ranar Asabar da hantsi sai ga Malam da guduma da ƙusoshi da igiya. Ya kwaso barguna da tsofaffin zannuwana, ya rataya wasu a bakin matakala, sauran ya jera su daga silin har ƙasa, daidai inda bangon yake a da. Ya cusa tawul a ƙarƙashin ƙofar waje. Gidan masu ilimi ya koma rumfar 'yan gwanjo, amma kafin azahar na cire safa. Hitar gas ma kashe ta muka yi.

Can sai muka ji motsin kwano a bayan bargo, ta wajen kicin. Motsin ya daɗe. Inna ta kasa kunne, ta gyara wa jariri hula, ta ce, "Angona, yi shiru, magini yana karɓar ladansa."

Hancin yaro ya buɗe cikin 'yan kwanaki, aka yi cancel ɗin tafiyarmu. Inna ta kai ni arba'in ta koma ita kaɗai.

Har yau Malam cewa yake saboda ɗansa ya yi aikin nan. Ni dai ni na wanke tukunyar ranar, ko ƙanzo bai bari ba. To ku da kuka ji, tsakaninku da Allah, murar yaron ce ta rataya bargunan nan, ko yunwar ubansa?