Na'urar Kunnen Yaya Sani

Jama'a, yau na ga soja ya kwanta a ƙasa saboda rakiyar amarya!

Kun san yayana Sani, wanda bam ya kashe wa kunnuwa a bakin daga. Shekara biyar ba ya ji. Yau da safe na raka shi asibiti, aka saka masa na'urar nan ta kunne.

Muna shiga gida a Tudun Wada, 'yarsa Ummi ta rugo tana cewa, "Abba, sannu da zuwa!" Bayan ya kurumce aka haife ta, bai taɓa jin muryarta ba. Ya durƙusa, ya ce, "Sake faɗa." Ta sake. Wallahi har matarsa sai da ta yi kuka!

Ana haka 'yan acaɓa masu rakiyar amarya suka shigo layinmu, suna fasa salansar baburansu. Tau! Tau! Tau!

Kafin in ƙifta ido Yaya ya danne Ummi a ƙasa, ya rufe ta da jikinsa, yana ihu, "Ku kwanta! Garba, kwanta!" Garba abokinsa ne da ya rasu a ranar bam ɗin.

Na ce, "Yaya, biki ne!"

Ya tashi zaune. Ya cire na'urar, ya miƙo min. Ya ce, "Hadiza, ajiye min. Ban shirya ba tukuna."

Yanzu haka Ummi na jikin kunnensa tana ta kiran "Abba". Bakinta kawai yake kallo.